Hoton da Gwamnati Ta Nema a Maƙerarmu

Maƙerar babanmu tana bakin hanyar da ta nufi kasuwar Kebbe. Rumfa ce ta kwano, an kewaye ta da gajeriyar katangar laka, a tsakiyarta kuma ga uwar maƙera a kafe cikin ƙasa tun zamanin kakanmu. A nan ake yin wuƙa da lauje da gatari da sungumi, amma abin da ya riƙe gidan shi ne galma. Manomi yana iya haƙuri da tsohuwar wuƙa shekara da shekaru. Idan ruwa ya sauka kuwa, ba ya wasa da galmar huɗa.

Galma ba ta ƙeruwa da mutum ɗaya. Baba yakan riƙe jan ƙarfe da awartaki a hannun hagu, ya taɓa wurin da yake so da 'yar ƙaramar guduma, sai mai masaba ya sauke babbar gudumarsa daidai wurin. Ba a magana. Ƙaramar guduma ce take faɗin inda za a buga, da ƙarfin bugun, da lokacin da za a tsaya. Mai masabar Baba wani magidanci ne mutumin Jabo, wanda ya zo Kebbe da ƙuruciyarsa, ya yi aure a unguwarmu, ya hayayyafa. Sun daɗe tare har hannuwansu sun saba da juna. Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, shi ne a kan zuga-zugi, amma shekaru sun hana shi ɗaga masaba. Mu 'ya'yan gidan kuma makaranta ta ɗauke mu. Saboda haka kowa ya sani, ko da ba a faɗa ba, cewa ranar da mutumin Jabo ya tafi, an gama yin galma a rumfar nan.

Cutar korona ta zo ne a bazara, daidai lokacin da fatake suke zuwa sarin kayan noma. Aka rufe hanyoyin da suka haɗa jihohi. Masu sari ba su zo ba, motocin da suke kawo ƙarfen tsofaffin motoci su ma ba su zo ba. Da aka buɗe hanya, ƙarfe ya yi tsadar da Baba bai taɓa gani ba, jarin kuma an riga an cinye shi a tuwo. Bayan kaka wutar maƙera ta mutu. Idan ka bi ta hanyar kasuwa, sai ka ji shiru a wurin da ka saba jin ƙara tun kana goye.

Ni a Tambuwal nake zaune, ina aiki a sashen da yake fitar da sanarwa ga jama'a. A watannin nan na karanta sanarwar wanke hannu da ta sa takunkumi har na haddace su. Wata rana aka kawo wata dabam: gwamnati za ta tallafa wa masu ƙananan sana'o'i da ma'aikatan da suke ƙarƙashinsu, waɗanda annobar ta tsayar wa da aiki. Ana bukatar katin shaida, da asusun banki, da hoton mutum a wurin sana'arsa. Ina gama karantawa na kira Baba a waya na maimaita masa sharuɗɗan dalla-dalla. Ya ce ya ji, za a yi.

Ba na nan ranar da aka ɗauki hoton, amma an ba ni labarinsa sau da yawa. Tun da safe aka share rumfa, aka yayyafa ruwa. Aka kwashe toka daga murhu, aka kai guntayen ƙarafa bayan katanga don kada su ɓata wuri. Baffa ya goge uwar maƙera da man gyaɗa har tana sheƙi. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Baba ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, ya karya hula. Mutumin Jabo ya ari shadda. Aka kira mai hoton da yake zuwa wuraren biki, shi kuma ya zo da labulensa mai zanen gidan bene zai rataya a bayansu. Baba ya hana. Ya ce sanarwa ta ce a wurin sana'a, saboda haka dole a ga katangar maƙera. Suka jeru su uku a bayan uwar maƙera, hannuwa a harɗe, ba mai murmushi.

Da hotunan suka iso hannuna, kyansu kawai na gani. Haka na san mutanenmu suke zuwa gaban hukuma.

Jami'ar da take karɓar takardun a Tambuwal wata mata ce da aka turo daga Sakkwato, mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta sake kallon hoton.

"Malam, wane ne maƙerin a nan?"

"Na tsakiya, Hajiya. Mahaifina ne."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Ni na yarda da kai. Amma waɗanda za su duba wannan suna can nesa, ba su san ka ba, ba su san shi ba. Mutane da yawa suna shiga shagon wani su tsaya a ɗauke su. Ka duba da idonsu: ba wuta, ba toka, ba ƙarfe, hannu fes. Za su ce wasu alhazai ne suka biyo ta maƙera suka tsaya."

Ta ce idan ta aika da shi a haka za a yi watsi da shi, kuma ba a ba mutum dama ta biyu. Amma tana da zagaye a Kebbe nan ba da daɗewa ba. Idan an shirya, za ta tsaya ta ɗauki wani da kanta, a kan aiki.

Na hau babur na kama hanyar Kebbe. Labari ya riga ni isa, kamar yadda ya saba. Na tarar da Baba a zaune kan benci a ƙofar rumfa, kusa da shi kuma ga taubashinsa, wani tela mai shago a bakin kasuwa. Uban telan da uwar Baba ciki ɗaya suka fito, don haka tun suna yara yake kiran Baba bawansa, kuma ba abin da ba ya gaya masa.

"Ga ɗan aike ya iso," in ji telan. "Faɗa mai da bakinka. Bawana, gwamnati ta duba hotonka tac ce wanga ba maƙeri ba na, ɗan majalisa na. Sun ce ka tahi a ba ka mota."

"Kai da allura ka yi ma nauyi," in ji Baba, "mi kas sani ga aiki?"

"Ni dai nawa ya wuce. Ina zaune bisa kekena, hulata tsaf, anka ɗauka. Ko tambaya ba a yi ba."

"Ai kai ko kana aiki ko kana barci, kamanninka ɗaya na."

Aka yi dariya, har da Baba. Amma da na gama bayani, na ce ana son a gan shi cikin kayan aiki, sai dariyar ta ɗauke. Kayan aikin Baba wata 'yar shara ce da tartsatsi ya huhhuda ta ko'ina, da walkin fata da ya yi baƙi ƙirin, da tsohon wando wanda ya tsaya a gwiwa.

"Tun ina yaro," in ji shi, "ban taɓa zuwa gaban hukuma da kayan wuta ba. Ko haraji ubanmu za shi kai, sai ya yi wanka ya sa riga. Yanzu da furfurata a ɗauke ni cikin tsumma, a kai can inda ba a san ni ba, su riƙa miƙa ma juna suna Allah sarki? Ina da surukai cikin garin ga. Ni ban roƙi kowa ba, su anka ce suna ba da tallahi. Su riƙe abinsu."

Na san muryar. Ba a ja da ita. Telan ma ya tashi ya ce yana da ɗinki.

Na kwana a gida. Washegari da hantsi muna zaune a zaure sai ga mutumin Jabo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa kaɗan da Baba, ya gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ta fi ta kullum. Daga nan ya sunkuyar da kai.

"Baba, na zo neman izini. Abokaina za su tahi wurin haƙar zinare, sun ce akwai wuri. Geron gidana ya yi ƙasa, mai ɗakina kuma tana da juna biyu. Na yi ta jira. In wuta ta tashi, ko ina nike sai in dawo."

Duk wanda yake zauren ya san ba a dawowa haka da sauƙi. Akwai samarin unguwarmu da rami ya rufta wa a can. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka tare a hanya. Waɗanda suka samu kuma, ba sa sake ɗaga masaba.

Baba ya ɗauke ido daga kansa. Ya daɗe yana kallon bakin ƙofa. Can ya juyo gare ni.

"Ita matar ga, mi taka son gani?"

"Wuta, Baba, da ƙarfe, da hannunku a kai."

"Ba ta ce tsumma ba?"

"Ba ta ambaci tufafi ba ko sau ɗaya."

Baba ya gyara zama. Sa'an nan ya ce, "To ka gaya mata ta zo da sahe. Amma ka gaya mata, ba mu hura wuta don wasa. In ta zo, sai ta jira an gama."

Wannan doka ce ta gidanmu wadda muka taras. Ba a hura wutar maƙera sai da aiki, in kuwa an hura ta, dole wani abu ya fito daga cikinta, ko da basilla ce. Jami'ar za ta gamsu da 'yar wuta da mutum riƙe da guduma. Baba ne ba zai gamsu ba. Kuma ya ce ba basilla zai yi ba. In dai za a kai hotonsa nesa a ce ga maƙerin Kebbe, to galma za a gani. Akwai wani ƙarfe guda mai kyau da ya ajiye a ƙarƙashin rumbu don gonarsa, da ragowar buhun gawayin ƙirya. Su ke nan abin da ya rage.

Ya dubi mutumin Jabo. "Kai kuma ka dakata ka buga mini wagga. In mun gama, ka yi abin da kag ga ya fi."

Ranar da ta zo, ba a share komai ba. Baffa ya zauna a ƙasa, zuga-zugi biyu a hannuwansa, yana danna wannan yana ɗaga wancan, gawayi ya fara ja daga ciki. Baba ya fito daga gida da 'yar shararsa da walkinsa, ya ratsa titi a gaban kowa, bai dubi dama ko hagu ba. Jami'ar ta sauko daga mota da takunkumi a fuska, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau, Hajiya. Tsaya daga nan wajen katanga, tartsatsi bai san baƙo ba."

Ya tura ƙarfen cikin wuta. Muka jira. Da ya zaro shi, ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, iskar da ke kansa tana rawa. Ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ƙaramar guduma ta taɓa, masaba ta sauka.

Na girma da wannan ƙara, amma ban taɓa saurarenta kamar ranar ba. Ƙaramar guduma tana da siririyar murya, babbar kuma kana jin ta a tafin ƙafarka kafin kunnenka. Ɗaya ta kira, ɗaya ta amsa. Ƙarfen ya fara baje kansa, yana faɗi daga tsakiya zuwa gefe. Idan ya huce, ya koma wuta, Baffa ya ƙara sauri, mutumin Jabo ya share gumi da damtsensa. Watanni ke nan ba su yi aiki tare ba, amma ban ga bugu ɗaya da ya faɗi inda ba a nuna ba.

Jami'ar ta ɗauki hotuna da wayarta tun a zagayen farko. Ta ce, "Baba, ya isa haka, na samu." Bai ji ta ba, ko kuma ya ji. Ta dube ni. Na ce mata ai na faɗa. Ta yi murmushi a bayan takunkumi, ta aika wa direbanta cewa ya nemi inuwa, ta gyara tsayuwa.

Kafin a yi nisa, hanya ta fara cika. Masu zuwa kasuwa suka tsaya da baburansu. Tsofaffin unguwa suka fito suna tambaya ko ƙarfe ya samu ne. Ba wanda ya ce Allah sarki. Abin da na ji shi ne wani dattijo yana cewa na kusa da shi, "Ka ji hannu."

Da aka gama baje fuskar galmar, Baba ya karɓi aikin shi kaɗai. Ya lanƙwasa gefunan, ya fitar da baki, ya gyara wurin da ƙota za ta shiga, yana juya ta yana duba ta da ido ɗaya. Ya mayar da ita wuta na ɗan lokaci, ya tsoma bakinta a ruwa, tururi ya tashi. Ya ajiye ta a ƙasa a gaban jami'ar, ya miƙe tsaye a hankali, hannu a ƙugu.

Ta nuna masa hoton. 'Yar sharar tana nan da hujojinta, walkin yana nan da baƙinsa. Amma ido ba ya tsayawa a kansu. Yana tafiya ne kai tsaye zuwa ƙarfen da ke haske a tsakiya, da masabar da ke sama tana shirin sauka, da fuskar Baba a sunkuye, bai san da kowa ba. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira mutumin Jabo.

"Zo ka gani. Ka ga yadda kaka karkata kafaɗa? Shekara nawa nika gaya maka."

"Baba, ai bugun ya faɗi daidai."

"Ya faɗi daidai, amma bayanka ka biya in ka tsufa."

Ya so ya ba jami'ar galmar, domin ba a barin baƙo ya tafi hannu banza. Ta yi godiya sosai, ta ce aikinta bai yarda ta karɓi komai ba. Suna cikin wannan sai telan ya kutso ta cikin mutane, ya sunkuya ya ɗauke ta, tana da sauran ɗumi.

"Bawa ya yi, ubangida ya ɗauka. Kowa ya shaida."

"Aje mini abina, ɓarawon ƙyalle!"

"Ka kai ƙara ga gwamnatin taka."

Ya saɓa ta a kafaɗa ya wuce, mutane suna ta dariya. Taubashi yana da wannan ikon, ba mai hana shi. Da la'asar kuma aka ga jaki ya tsaya a ƙofar gidan mutumin Jabo da damman gero, aka ce daga shagon tela.

Tallafin bai zo da wuri ba. Jami'ar ta gaya mana gaskiya tun ranar, cewa ita aikawa ce tata, amincewa tana hannun wasu. Abokan mutumin Jabo suka tafi, shi ya ce zai bi su daga baya in ya ga shiru. Abin da ya riƙe shi a tsakani ƙanana ne: geron tela, da gyare-gyaren da suka fara zuwa tun da aka ji ƙarar masaba, wannan ya kawo galma mai tsagaggen baki, wancan ya kawo gatarin da ya dakushe. Gyara ba ya bukatar sabon ƙarfe, gawayi kawai yake ci, shi ma Baffa ya samo kaɗan a hannun wani abokinsa. Duk da haka akwai ranakun da na kira gida aka ce mini yau ma ya yi zancen tafiya.

Zafin bazara ya kankama sa'ad da saƙon kuɗin tallafin ya shigo, kuma wayar mutumin Jabo ya fara shiga, kafin ta Baba. Aka ce ya zo rumfa yana haki, ya miƙa wa Baffa wayar ya ce a karanta masa, aka karanta, ya ce a sake. Telan ya samu abin faɗa har na tsawon mako, wai gwamnati ta san wanda yake aikin da wanda yake nuni da 'yar guduma. Na Baba da na Baffa suka biyo baya.

Ba wani abu ne mai yawa ba. Bai mayar da jarin da aka cinye ba. Amma ya isa sayen ƙarfe da gawayi na farkon damina, a maƙera kuwa in ka samu na farko, shi yake sayo na biyu.

Sayen ƙarfe aiki ne da Baba bai taɓa wakilta kowa ba. A wannan karo ya ce ƙafarsa tana ciwo, ya damƙa wa mutumin Jabo abin da ya samu, ya ce ya je Tambuwal ya zaɓo. Na raka shi wurin masu gwangwan. Ya tsuguna a gaban tarin ƙarafa, yana ɗaga kowanne yana ƙwanƙwasa shi da wani guntu, ya kara kunne, ya ajiye wannan dama, ya jefar da wancan hagu. Mai kayan ya gaji ya ce ko amarya ake zaɓe ai an gama. Bai kula shi ba. Muka ɗaure kayan a babura biyu, muka kama hanya a hankali saboda ramuka, hadari yana haɗuwa a gabas.

Baba yana kan benci da muka isa. Ya sa aka zube ƙarafan a gabansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Mutumin Jabo yana tsaye, bai ko kwance rawanin da ya rufe hanci da shi ba. Baba ya kai ƙarshe bai ware ko guda ba. Ya kakkaɓe hannunsa.

"Gobe ka zo da wuri," in ji shi. "Mutanen Jabo sun aiko, galma suka so kafin shuka."